Malaman Aro a Makarantar Yaya

Yayata malamar firamare ce, shekara ashirin da bakwai ke nan tana shaƙar ƙurar alli. Ni kuwa tela ce, ƙanwarta ta uku, shagona yana bakin titi tsakanin mai kemis da mai gyaran waya. In faɗa muku gaskiya tun yanzu, boko bai taɓa zama a kaina ba. Da ƙyar da jiɓin goshi na gama sakandare, na rungumi kekena na ce wa littafi sai wata rana.

Allah ya ba Yaya murya. Tun muna yara in ta kira sunanka daga tsakar gida, ko kana bayan layi sai ka ji kamar a kunnenka take tsaye. Da ta fara koyarwa yara suka sa mata Malama Lasifika. Ta san da sunan, ba ta taɓa damuwa ba, cewa ma take yi ai gara ita, lasifikarta ba ta jiran a kawo wuta.

A takardar ofishin ilimi, aji uku take koyarwa. A zahiri kuwa aji ukun guda biyu ne, akwai na A akwai na B. Shekara shida da suka wuce malamin B ya yi ritaya, ofis ya ce za a turo madadinsa mako mai zuwa. Har yau makon bai zo ba. Da Hedimasta ya gaji da jira sai ya kira magini ya fasa ƙofa a bangon da ya raba azuzuwan biyu. A bakin wannan ƙofar Yaya take yini, ƙafa ɗaya a A, ɗaya a B. Ta juya dama ta yi karatu, ta juya hagu ta yi lissafi, in na dama sun fara dambe ta daka musu tsawa ba tare da ta ajiye allin na hagu ba. Yara ɗari da arba'in da uku, wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu a kan taga kamar kaji.

Jakar aikinta buhun shinkafa ne, ni na ɗinka masa hannu. In an tashi makaranta sai ta jawo shi zuwa shagona, ta ture min yadin mutane gefe, ta baje littattafan yara a kan teburin yanka ta hau maki da jan biro. Ina ɗinki tana maki, tana yi tana mita. In na ce, "Yaya, ki bar sauran sai gobe mana," sai ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Goben ai da nata buhun za ta zo."

Kuma da maki ne kaɗai ai da sauƙi. Ofis ba ya turo malami, amma fom ba ya yankewa. Fom na yaran da aka yi wa riga-kafi, fom na kujerun da suka karye, fom na bayan gida nawa ne a makaranta, alhali ko ɗaya babu, kuma duk zango sai an sake tambaya, ko da ya tsiro da kansa. Ranar Asabar kuma a kira su taron bita. Akwai wata bita da wani yaro mai kwat ya koya musu sabuwar dabara, wai a raba yara biyar-biyar a zagaye tebur, malama ta riƙa bi tana hira da kowane rukuni. Yaya ta ɗaga hannu ta ce ta yi lissafi, nata rukuni ashirin da takwas ne da ragowar yara uku, tebur kuma ɗaya ne, shi ma ƙafarsa uku, da wanne za ta fara? Yaron ya yi murmushi ya ce, "Malama, sai kin zama mai ƙirƙira." Ta ce to ya taimaka ya ƙirƙiro mata malami guda.

'Yan siyasa kuwa, Honorabul huɗu ta gani sun zo sun wuce, kowanne da nasa alkawarin. Na farko ya ce kowane yaro zai sami kwamfuta. An kawo guda uku a kwali, a makarantar da ko wayar wuta ba a ja mata ba, yanzu a kan ɗaya Hedimasta yake ɗora butar shayinsa. Na biyu ya aza harsashin sababbin azuzuwa a bayan makaranta, da kiɗa da tafi. Na uku ya zo ya aza nasa harsashin a gefen na farko, don ba zai yi gini a kan dutsen abokin hamayya ba. Na huɗu ya yi wa duwatsun biyu fenti. Yaya ta ce a yi haƙuri, in aka yi zaɓe arba'in nan gaba duwatsun kaɗai sun isa a tada aji. Duk ranar da irinsu suka zo ba ta tafi. In aka ce mata, "Malama, ba kya tafawa?" sai ta ce hannunta na maki ne, ba ta da na ɓarnatarwa.

Bara ne muryar ta fara ba ta matsala. Da farko sai da yamma take dishewa. Daga baya ya zama tun ranar Laraba ta fara shaƙewa, kafin Juma'a sai ka matso kake jin ta. Ba abin da ba mu gwada ba, zuma, citta, ruwan ɗumi da lemun tsami, har wani ɗaci-ɗaci da mijinta ya samo. Da na ga abin ya ƙi, na rufe shago na tasa ta gaba zuwa asibiti. Likita ya leƙa maƙogwaronta da 'yar fitila, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya zauna ya ce, "Malama, kin wahalar da maƙogwaron nan har ya yi kanta. Ki daina ɗaga murya na wata uku aƙalla. In kika ci gaba a haka, wata rana za ki buɗe baki ki ji ba komai, kuma ba lallai ta dawo ba."

Yaya ta ce, "Likita, ka taɓa yi wa yara ɗari da arba'in da uku raɗa?"

Ya ce, "To a raba miki ajin mana."

Ta dube ni, na dube ta, muka kwashe da dariya har likitan ya tsargu. Amma abin ba na dariya ba ne. Saura shekara uku ta yi ritaya, kuma ba irin matar da za ta bar yaran mutane ta kwanta a gida ba ce. Abin da take buƙata bai taka kara ya karya ba: malami ɗaya tak ya karɓi B, a toshe ƙofar nan, ta yi magana kamar sauran bayin Allah. Wasiƙa huɗu ta rubuta wa ofis da takardar likita a maƙale. An amsa ɗaya, da sabon fom.

Ana cikin haka aka yi zaɓe, muka sami Honorabul na biyar. Mutanen gari Nan-Gaba-Kaɗan suke ce masa, don ba ya rufe jimla sai da ita. Wata rana da yamma muna shago, ina kan keke tana kan maki, sai ga shi a rediyo yana cewa zai ɗauki sababbin malamai. Yaya ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai ya ƙara da cewa shi ba ya yarda da takardun ofis, duk ƙarya ce a ciki. Da ƙafarsa zai shiga makarantu, da idonsa zai ƙirga yara ya ƙirga malamai, inda ya ga sun yi kaɗan nan zai tura. Aka karanto jerin makarantun da zai fara zuwa, ta Yaya ce ta biyu, ranar Talata.

Sai na ga ta ajiye jan biro. Ni dai ban taɓa ganin ɗan siyasa ya sa ta ajiye biro ba.

Na ce, "A'a, Yaya, yau kuma an yarda ke nan?"

Ta ce da 'yar shaƙaƙƙiyar muryarta, "Shi ban yarda da shi ba, ko sama da ƙasa za su haɗe. Amma yana da ido, ko? Ba sai mun roƙe shi komai ba. Mu bar ƙofa a buɗe kawai ya shigo. Ko hancinsa ya isa ya gaya masa yawan yaran da ke ɗakin nan."

Ranar har da siyo mana lemo. Wallahi na ji daɗi, kuma na ji tausayinta, don na ga ta sa rai tana ɓoyewa.

To amma akwai wata ɗabi'a a makarantun nan da ba a rubuta a ko'ina ba, kowa kuma ya san ta: ba a barin babban baƙo ya ga tsiraicin makaranta. In za a yi baƙo, aro ake fita. A ari benci, a ari tebur, a ari tuta, a ari tukwanen fure. In baƙo ya tafi a mayar wa kowa kayansa kafin la'asar. Haka suka taras ana yi, haka suke yi, kamar yadda mace take ɓoye tsummokara in surukai za su zo. Hedimastan su Yaya kuwa mutumin kirki ne, ba ya cin na kowa, amma Allah ya zuba masa kunya da tsoro. Ya fi tsoron a ce makarantarsa ta lalace fiye da lalacewar kanta. Ranar Juma'a kuma Sufeto, wato mai duba makarantu daga ofis, ya biyo ya ja masa kunne, ya ce, "Ka dai ji, kada ku ba ofis kunya a gaban Mai Girma."

Ranar Litinin da safe Hedimasta ya tara malamansa, su biyar ne har da shi, ya karanto musu shiri. Wannan karon har malamai za a aro. Ni ba na wurin, Malama Ƙarama mai aji huɗu ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce Yaya ta miƙe tsaye ta manta da likita, ta manta da zuma.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan rashi ya ce zai zo gani! Rashin za mu ɓoye masa? To me zai gani?"

"Malama, ki kwantar da hankalinki. Haka ake yi tun kafin ki fara aiki. In ya ga mun yi ƙoƙari, sai ya ji daɗin ƙara mana."

"Wa ka taɓa gani ya ƙara wa mai ƙoshi? Shekara shida ina tsaye a ramin bango kamar ƙadangaruwa, rana ɗaya da za a gan ni a ciki ita ce za ka rufe ramin?"

"Malama, so kike a nuna mu a talabijin yara a ƙasa? Da wane ido zan kalli mutane?"

Malama Ƙarama ta ce kusan awa guda Yaya tana yi, har masu shago na tsallaken titi suka fito. Duk abin da ya rage mata a maƙogwaro a ofishin nan ta zazzage shi. Hedimasta yana ta "haka ne, haka ne," da ta fita ya ci gaba da shirinsa.

Ranar ba ta zo shago ba. Wanda ya zo shi ne Hedimasta, da fara'arsa har kunne. Ya ce, "Ƙanwata, taimakon Yayarki za ki yi. Kin san halin da muryarta take ciki. Gobe ki riƙe mata B na awa biyu kacal, ta ɗan huta a gaban baƙi. Ke da Allah ya ba fasalin malamai, wa zai ce ba a aji aka haife ki ba?"

Kun ji inda ya kama ni. Da kunnena na ji abin da aka faɗa a rediyo, da kunnena na ji abin da Yaya ta ce, amma kaina bai haɗa ɗaya da ɗaya ba. Abin da na tuna kawai shi ne ina da sabuwar doguwar riga ruwan toka da ban taɓa sawa ba, da wani tabarau na gayu. Na ce masa ba komai, Allah ya kai mu.

Da na isa ranar Talata sai da na koma baya na sake duba allon ƙofa, don ban gane makarantar ba. An shafa fenti a bangon gaba, daidai inda hannun mutum yake kaiwa. Ga tukwanen fure a jere, na wani otal ne, har da tambarinsa an juya shi bango. Ga bencuna masu sheƙi daga makarantar kuɗi ta bayan layi. Duk yaron da ba shi da cikakken yunifom ko takalmi an ce masa yau hutu ne, ya koma gida, sai ga makaranta ta yi fayau, iska tana shiga ta ko'ina. Ƙofar Yaya ta tsakiyar bango an jawo kabad an toshe, an rataya taswirar duniya a kai.

Malamai kuwa, tabɗi! Ga maƙwabcina mai kemis a aji shida yana zana zuciya a allo. Ga mai gyaran waya a aji biyar. Ga ƙanin Hedimasta, direban tifa, an ɗaura masa laktaye yana ta jan wuya kamar za a yanka shi. Ga malamai uku na gaske daga makarantar kuɗi, su ma na aro. Ga ni ta bakwai, da rigata ruwan toka. Mu bakwai da su biyar, sha biyu cif.

A baranda muka yi kiciɓis da Yaya. Ta dube ni tun daga tabarau har takalmi. Ta buɗe baki, na ga leɓɓanta sun ce "Ke?" amma iska kawai ta fito. A nan ne kaina ya haɗa lissafin da ya ƙi haɗawa jiya. Na ce, "Yaya, wallahi cewa aka yi..." Sai Hedimasta ya ja hannuna ya tura ni B, ya ce in an tambaye ni yawan yara in ƙirga waɗanda ke gabana kawai. Ya kamata in cire tabarau in kama hanyar shago. Ban tafi ba, na ce bari dai in ga yadda za ta kaya.

Ƙarfe tara aka ce, sai sha biyu saura muka ji jiniya. Motoci sun fi goma, ga 'yan sanda da bindigogi, ga masu kyamara, ga 'yan rakiya kowa da babbar riga. Ajina Honorabul ya fara shiga. Ni kuma tun safe na rasa abin da zan koyar, sai na rubuta abu ɗaya da na tabbata ba zan yi kuskurensa ba: inci talatin da shida, yadi ɗaya. Na ciro tef ɗina daga jaka ina auna hannun yara suna ta murna. Honorabul ya tsaya ya kalla, ya juya ga masu kyamara ya ce, "Kun gani? Wannan shi ne ilimi a aikace! Irin malaman da muke so ke nan." Sannan ya ce, "Malama, yara nawa gare ki?"

Na ce, "Talatin da biyu, ranka ya daɗe."

Ya ce wa sakatarensa, "Rubuta."

Allah ya yafe min, daɗi na ji. Tunda nake ba a taɓa yaba min a cikin aji ba sai ranar. Har na bi ayarin zuwa A ina gyara tabarau.

Hedimasta ya gabatar da Yaya, ya ce ga uwar makaranta, shekara ashirin da bakwai tana hidima. Honorabul ya dafa ƙirji ya ce, "Allahu akbar. Malama, don irinku na zo. Faɗa min abin da yake damun ku, kada ki ji tsoron kowa. Yau ranarki ce."

Yaya ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta yi gyaran murya ta sake gwadawa, har jijiyoyin wuyanta suka tashi, sai wani ɗan sauti kamar an taka busasshen ganye. Ta juya ga allo za ta rubuta, ashe da asuba aka shafa masa baƙin fenti, bai bushe ba, allin ya nutse ya ƙi kamawa. Ta laluba biro, babu, an kulle buhunta a sito tun safe wai yana ɓata tsari. Sai idonta ya faɗo kaina. Ta miƙo hannu ta damƙi wuyan hannuna, ta jawo kunnena bakinta.

"Ce masa ke tela ce," in ji ta, da raɗar da ni kaɗai na ji. "Ce masa a ture kabad ɗin nan."

Na ɗago. Fitilar kyamara a fuskata. Hedimasta gumi yana bin wuyansa, idonsa yana roƙona. Sufeto ya kafe ni da ido ko ƙiftawa babu. Ga ɗan sanda a bakin ƙofa, ni kuma ina tunanin ko akwai ɗauri ga wanda ya yi sojan gona a aji. Kuma, in ba ɓoye-ɓoye ba, minti biyar da suka wuce aka kira ni Malama a gaban duniya, yanzu kuma in buɗe baki in ce ni mai ɗinkin zani ce?

Honorabul ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta ce muna godiya. Mura ce take damun ta."

Aka ɗauki tafi raf-raf-raf. Honorabul ya girgiza kai ya ce ga malamai masu wadatar zuci, ba irin masu kukan banza a rediyo ba, kuma nan gaba kaɗan za a karrama irinsu. Aka yi hoto, ita a tsakiya. Yaya ta saki hannuna a hankali, ba ta sake kallona ba. Kafin la'asar an mayar da benci, an mayar da fure, direban tifa ya kwance laktaye ya ce ko da kuɗi ba zai ƙara ba.

Yaya ta daina zuwa shago. Na je gidanta sau uku, in na gaishe ta sai ta gyaɗa kai ta ci gaba da maki a kan tabarma. Mijinta ya raka ni ƙofa ya ce, "Ki bar ta tukuna, ba fushi kaɗai ba ne, muryar ce ba ta dawo ba." Na dawo ina kuka a titi kamar ƙaramar yarinya.

Bayan mako uku takarda ta iso daga ofis. Wai Mai Girma ya yaba ƙwarai, makarantar ta zama abin koyi: malamai goma sha biyu, yara ɗari biyu da 'yan kai. Saboda haka ba ta cikin masu buƙata, hasali ma malamai sun yi mata yawa. An ɗauke Malama Ƙarama an mayar da ita makarantar bayan kasuwa, wadda nasu hedimastan yana kwance a asibiti ranar ziyara, bai sami damar fita aro ba. Da idona na gan ta a talabijin cikin layin "sababbin malamai" tana karɓar takarda daga hannun Honorabul ana tafi, matar da ta shekara takwas tana aiki. Rabin layin ma duk irinta ne, an kwaso daga nan an zuba can.

Hedimasta ya kwashi rajistar yara ya ruga ofis, har hularsa tana faɗuwa. Suka ce masa ai Mai Girma ya faɗa tun farko, ba ya aiki da takarda, abin da idonsa ya gani shi ne. Sufeto kuma ya ce, "Ni cewa na yi kada ku ba mu kunya, ban ce ku tara malamai kamar jami'a ba." Hedimasta ya dawo jiki a sanyaye. Aji huɗu ba malami, kuma ajin yana jikin na Yaya. Mutum ɗaya ba ya tsayuwa a ƙofa biyu, don haka aka sake kiran magini ya rushe bangon tsakanin A da B gaba ɗaya, aka zuba 'yan aji huɗu a ciki. Yara ɗari biyu da sha ɗaya, da malamar da ba ta iya kiran sunan na gabanta.

Da na ji haka ban yi shawara da kowa ba. Na rubuta a ƙofar shago cewa sai azahar ake buɗewa, na tafi makaranta da tsohuwar atamfata, ba tabarau. Na tsaya kusa da ita na ce, "Yaya, ki riƙa faɗa min, ni zan ɗaga." Can sai ta matso ta raɗa min, "Su buɗe shafi na goma." Na kwatsa shi da ƙarfi har na bayan taga suka ji. Haka muka riƙa yi, ita raɗa, ni ihu, kalma ba na ƙarawa ba na ragewa. Kafin ƙarfe goma maƙogwarona yana yaji, kaina kamar ana daka. Aikin da ta yi shekara ashirin da bakwai, ni kwana uku ya sa na fara shan zuma. Masu kaya suna ta zagina a waya, ban kula ba. Ina jin ko yaya dai ina wanke laifina, har ranar Alhamis ta miƙo min ruwa daga gorarta.

A rana ta tara, ashe koken da Hedimasta ya yi ta rubutawa ya kai wani wuri. Sai ga Sufeto da sakataren Honorabul, wai an turo shi ya tabbatar. Ba su yi sanarwa ba, don haka ba a ari komai ba, ga yara nan har bakin ƙofa, wari da zafi da hayaniya. Murna ta kama ni, na ce yau dai ido zai ga gaskiya. Sakataren ya leƙo, ya toshe hanci da hankici, ya dubi yaran, sannan ya dube ni. Fuskarsa ta washe.

"A'a, ai ga malamar inci da yadi! Na gane ki." Ya juya ga Sufeto. "Malamai biyu a aji ɗaya, kuma ake mana kuka? Wasu makarantun ko ɗaya ba su da shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni tela ce! Wallahi tela ce, ga shagona can bakin titi!"

Ya yi dariya ya ce, "Malama ke nan, akwai barkwanci." Ya rubuta wani abu a takardarsa, suka shiga mota. Na bi su har ƙofar makaranta ina rantsuwa, gilas a rufe.

Da na dawo aji Yaya tana zaune a bakin tebur. Ta yago takarda daga bayan rajista, ta yi rubutu da jan biro ta miƙo min. Ta rubuta: "Na yafe miki. Koma shagonki, kada ki sake zuwa. Muddin kina nan ba za su turo kowa ba."

Na ce, "Yaya, ko na tafi ba za su turo ba."

Ta gyaɗa kai, alamar ta sani. Sannan ta nuna min ƙofa.

Na ɗauki jakata na ratsa ta cikin yara ina tsallake ƙafafu. A bakin ƙofa na waiwaya. Ta miƙe ta koma gaban allo, ta ɗaga littafi sama, bakinta yana motsi. 'Yan layin gaba, su kamar goma sha biyar, sun miƙa wuya sun zuba wa leɓɓanta ido suna ƙoƙarin gane abin da take cewa. Sauran ɗari biyun suna ta wasansu, ba su ma san an fara darasi ba.